Tambayi Baban Gareji: Mai Ya Yi Tsada, In Fasa Tafiyar Hutu?

Wasiƙun da suka shigo wannan watan, in ka ɗebe biyu ko uku, duk kukansu ɗaya ne: mai ya yi tsada. Na shekara 26 ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane kafin in koma koyar da tuƙi, kuma na ga irin wannan tashin farashi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na tsamo wasiƙu shida. Ta farkon ce ta fi tsaya mini a rai, don haka a kanta zan fi daɗewa.

Tambaya: Baba, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne, ina da mata da yara huɗu. Tun farkon shekara na yi wa yaran alkawari in an yi hutun makaranta zan kai su wajen kakanninsu, tafiyar kilomita 600. Rabon su da ganin tsofaffin shekara biyu ke nan. Yanzu ga yadda mai ya koma. Uwargida ta ce mu haƙura sai baɗi. Ni ma na fara ganin gaskiyarta, amma na kasa buɗe baki in gaya wa yaran. Mece ce shawararka?
Daga uban yara huɗu

Amsa: Ɗana, kafin ka gaya wa yaran komai, ɗauko biro da takarda mu yi lissafi tare. Da lita za mu yi shi. Kuɗi kullum canzawa yake, shi ke tayar da hankali, lita kuwa tana nan yadda take.

Ba ka faɗa mini irin motarka ba, to bari in ɗauka matsakaiciyar motar iyali ce, mai shan lita 8 a kowace kilomita 100 a doguwar hanya, lita 11 kuma a cikin gari inda ake tafiya ana tsayawa. Zuwa da dawowa kilomita 1,200 ke nan, wato lita 96. Ƙara 'yan gaishe-gaishen da za ku zaga a can, mu ce lita 110. Ajiye wannan a gefe. Yanzu zo kan zirga-zirgarka ta kullum: wurin aiki, makarantar yara, cefane, ɗan nan da ɗan can. In ta kai kilomita 30 a rana, kana ƙona lita 3 da 'yan kai. Kwana shida a mako, kusan lita 20. A shekara ka haura lita 1,000. Ka ga ashe tafiyar da ke ba ka tsoro kashi ɗaya cikin goma ce na man da kake ƙonawa a shekara. Man mako biyar da rabi ne na zuwa aiki da dawowa.

Abin da ya sa take yi mana girma a ido shi ne, tashi ɗaya ake biyanta. Ka cika tanki, ka sake cikawa a hanya, ka sake cikawa a dawowa, duk cikin mako guda. Man kullum kuwa kaɗan-kaɗan yake zurarewa kamar tulu mai yoyo, ba ka ankara sai ƙarshen wata. Shi ya sa da zarar mai ya tashi, abin da mutane ke fara sokewa shi ne tafiya guda mai muhimmanci, su bar ƙananan fita ɗari uku waɗanda ko an fasa su ba wanda zai yi kewa.

Da ciwo a raina nake faɗa maka wannan. Shekara 15 ke nan, a wani tashin mai irin wannan, na shirya zuwa duba Baffana, ƙanen mahaifina, mutumin da ya fara damƙa mini sifana ina ɗan shekara 12. Na riga na yi wa motar sabis, na saya masa rigar sanyi. Da na tsaya a gidan mai na ji abin da cika tanki zai ci, sai na juya gida, na ce sai farashi ya sauko. Na buga masa waya, ya ce, "Ba komai, Allah Ya sa da rabon ganawa." Bayan wata huɗu na yi tafiyar, amma ta'aziyya na je. Farashin bai sauko ba, kuma ranar ko tambayar nawa ne lita ban yi ba. Da na dawo ne na sayi ɗan littafi na ajiye a aljihun mota, na fara rubuta kowace lita da kowace kilomita. Cikin wata biyu littafin ya nuna mini cewa man da ya hana ni zuwa, ina ƙona kwatankwacinsa duk bayan mako shida, a fitar da rabinta ko da ƙafa zan iya yi. Rigar tana nan a akwatina har yau.

Kakannin yaranka shekaru sun ja, kuma zumunta a ƙafa take. Ni dai shawarata ku je. Amma kada ka yanke hukunci kai kaɗai. Uwargida ba ta yi laifi ba, ita ke riƙe da tukunya, ta fi ka sanin abin da ke shiga cikinta. Zauna da ita, ka nuna mata takardar nan. Ku yi yarjejeniya cewa daga yau zuwa ranar hutu, duk fitar da aka fasa ko aka haɗa da wata, kuɗin manta ya shiga gwangwani guda. Abin da na rubuta wa 'yar'uwarka a amsa ta gaba ya shafe ka kai ma.

Sai ita kanta hanyar. A doguwar tafiya, babbar abokiyar gabar mota iska ce. Turjiyar iska ninkuwa take yi: in ka ninka gudunka sau biyu, ita ta ninka sau huɗu. Daga kilomita 100 a awa zuwa 120, gudu ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, amma turjiyar iska ta ƙaru da kashi 44. Injin kuwa da mai yake biyan wannan bambancin. Yawancin motoci sun fi tattalin mai in ana tafiya tsakanin 70 da 90 a babbar giya. Kilomita 600 a gudun 120 awa biyar ce, a gudun 100 awa shida. Awa ɗaya ce tsakani, kuma sannu ba ta hana zuwa.

An taɓa gwada wannan a kan ƙasa guda sukutum. Bayan ƙasashen Larabawa masu arzikin mai sun tsuke famfo a Oktoban 1973, Amurka ta kafa doka a Janairun 1974 cewa kada mota ta wuce mil 55 a awa, kusan kilomita 89. Man da aka rage bai kai yadda aka yi fata ba, domin direbobi da yawa sun yi kunnen ƙashi. Amma waɗanda suka mutu a haɗarin mota sun sauko daga sama da 54,000 a 1973 zuwa kusan 45,000 a 1974. Ba dokar kaɗai ta jawo haka ba, mutane ma sun rage fita a shekarar. Duk da haka, wanda ke ɗauke da yara huɗu a kujerar baya ya kamata wannan adadi ya zauna masa a kai.

Kada ka ɗaura kaya a saman mota in da yadda za ka yi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa babban akwati a kan kariyar saman mota yana iya rage tattalin mai da kashi 10 zuwa 25 cikin 100 a gudun babbar hanya. Ku rage kaya da tsaraba har su shiga but. Iskar taya kuma a auna ta da sanyin safiya kafin mota ta motsa, a bi adadin da ke rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, inda a motoci da yawa za ka ga layi na musamman don mota cike da mutane da kaya. Wanda ke rubuce a jikin tayar iyakar abin da take iya ɗauka ne, ba shi ake bi ba. Ku fita tun da asuba, ku bar gari kafin cunkoso ya haɗu, ku ci rabin hanya kafin rana ta take.

Mutum shida a mota guda, galibi ya fi sayen tikiti shida sauƙi, amma ka tambayi kuɗin bas ko jirgin ƙasa ka gwada da hannunka. Da kai kaɗai ne mai tafiya, da na ce ka ajiye motar ka hau ta haya. In kuma kun yi lissafin nan duka kun ga sai an ci bashi, to kada ka ci. A rage kwanakin, ko uwargida ta tafi da yara biyu a bas, sauran su je a hutu na gaba. Yara suna gane gaskiya in aka zaunar da su aka faɗa musu, aka kuma sa musu rana.

Tambaya: Baba, ina kwana. Ni ce mai kai yara makaranta in ɗauko su, in je kasuwa, in kai surukata asibiti duk bayan mako biyu. Tafiye-tafiyena duk gajeru ne, babu wadda ta wuce kilomita biyar, amma allurar mai sauka take kamar ana zuƙa. Makanike ya duba ya ce lafiyar motar ƙalau. To ina man yake zuwa?
Daga wata uwa

Amsa: 'Yata, makanikenki gaskiya ya faɗa miki. Gajartar tafiyar ita ce ke cin man. Injin da ya kwana yana da sanyi, baƙin mansa ya yi kauri, don haka kwamfutar motar tana ƙara masa fetur har sai ya ɗau zafi. Hakan na ɗaukar 'yan kilomitoci. Ke kuma daidai lokacin da ya fara ɗumi kin iso, kin kashe. Bayan awa uku ki sake tayar da shi da sanyi. Gajerun fita da yawa, kowace da injin mai sanyi, suna iya cin ninkin man da fita guda mai tsawonsu za ta ci.

Maganin shi ne haɗawa. Da daddare ki rubuta duk inda za ki gobe. Ki sauke yara, ki wuce kasuwa, ki biya kantin magani, ki dawo gida, zagaye ɗaya. In da hali ki fara da wuri mafi nisa don injin ya yi zafi sosai, sauran tsayawar a hanyar dawowa.

Na biyu, ki duba zamanki a ƙofar makaranta. Na sha tsayawa ina kallon layin motocin iyaye, kowace injinta na aiki, gilas a rufe. Mota a sulo tana shan lita ɗaya zuwa biyu a awa, gwargwadon girman injin da ko na'urar sanyi tana kunne. Minti 20 kullum, kusan rabin lita ke nan. A zangon karatu mai kwana 60, lita 30 ta tafi motar ba ta matsa ko taku ɗaya ba. In kin faka a wuri mai kyau kuma jiran zai wuce minti ɗaya, ki kashe. Tayar da injin zamani man daƙiƙa 10 na sulo kawai yake ci. Haka ɗumama mota da safe na minti goma, al'adar zamanin kafireto ce. Motar yanzu rabin minti ya ishe ta, sai ki ja ta a hankali, a tafe ta fi saurin ɗaukar zafi.

Na uku ƙafarki. Duk sanda kika taka birki da ƙarfi, man da kika riga kika biya ne kike mayarwa zafi a ƙafafun mota. Ki riƙa hangen nesa. In kin ga danja ta nuna ja, ko motoci sun taru a shataletale, ɗauke ƙafa daga totur tun daga nesa, motar ta gangara da kanta. Fizgar mota da cin birki a cikin cunkoso suna iya rage tattalin mai da kashi 10 zuwa 40 cikin 100. Ina gaya wa ɗalibaina su ɗauka akwai kwano cike da ruwa a kujerar kusa da su, su kai shi gida ba tare da ya zube ba.

Game da na'urar sanyi, in motar ta sha rana ki fara sauke gilas zafin ya fita kafin ki kunna. A cikin gari inda ba gudu, iskar taga ta wadatar in yanayi ya yi sauƙi. Amma ranar da kike ɗauke da surukarki ko jariri cikin tsananin zafi, kunna abinki. Ba a tattali da lafiyar tsoho.

Wanda ya fi duk waɗannan tasiri kuwa ba a cikin mota yake ba. In akwai maƙwabciyar da 'ya'yanku ke makaranta ɗaya, ku raba kwanaki, ke yau ita gobe. Nan take rabin man makaranta ya dawo aljihunki.

Ki kuma buɗe littafi irin nawa. Ki cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ki rubuta lambar da mitar tafiya ta nuna. Ranar da kika sake cikawa, ki rubuta lita nawa ya ci da sabuwar lambar. Raba litar da kilomitocin da kika yi, ki ninka sau 100. Abin da ya fito shi ne shan motarki na gaskiya. In wata rana ya yi tsalle alhali tuƙinki bai canza ba, to lokacin komawa wajen makanike ya yi, a duba fulogi, iskar taya, saitin ƙafafu da birkin da ke kamawa.

Tambaya: Baba, abokina ya koya mini dabara. Ya ce in na zo gangara in sa mota a firi, in ma gangarar doguwa ce in kashe injin gaba ɗaya. Ya ce shi haka yake yi, kuma mai na daɗe masa. Gaskiya ne?
Daga sabon direba

Amsa: Yaro, kada ka sake, ka kuma gaya wa abokin naka ya daina tun yau. Birkin motarka da taimakon injin yake aiki. In ka kashe injin, taku ɗaya ko biyu ne suka rage maka, daga nan birkin ya sandare kamar dutse. Sitiyari ma ya yi nauyi, kuma in hannunka ya zarce da makulli yana iya kullewa kana tsakiyar kwana. Na taɓa karɓar mota a gareji wadda mai ita ya yi wannan dabarar da iyalinsa a ciki. Allah Ya tsare rayukansu, amma babbar 'yarsa ta yi wata uku ba ta taka ƙafarta ba. Garin neman gira ake rasa ido.

Firi ɗin ma ba riba a cikinta. Motar zamani mai injekta, in tana cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur a gangara, kwamfuta tana yanke man gaba ɗaya, tayoyi ne ke juya injin. Da ka sa firi kuwa, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Sannan giya ita ke riƙe mota a doguwar gangara. In ka cire ta, nauyin duka ya koma kan birki, ya yi zafi, ya daina kamawa a daidai inda ka fi bukatarsa.

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce, ba ni da mota, amma kuɗin motar haya ya taɓa ni. Me ya sa da an ce yaƙi ya ɓarke a wata ƙasa mai nisa, kafin mako ya zagayo mai ya tashi, amma in aka ce ɗanyen mai ya faɗi a kasuwar duniya sai a yi ta jira shiru?
Daga wata ɗaliba

Amsa: 'Yata, ruwa ba ya tsami banza. Ɗanyen mai kasuwarsa ɗaya ce a duniya, da dala ake cinikinsa, ganga-ganga, kowace ganga lita 159. Manyan masu haƙo shi suna da ƙungiya, OPEC, wadda ƙasashe biyar suka kafa a Bagadaza a 1960: Iran, Iraƙi, Kuwait, Saudiyya da Benezuwela. In suka rage abin da suke fitarwa, kowa ya ji a jikinsa. Sannan kusan kashi ɗaya cikin biyar na man da duniya ke sha yana bi ne ta wata 'yar siririyar hanyar ruwa, Mashigin Hormuz, tsakanin Iran da Oman. Masu cinikin mai ba sa jira sai ya yanke. Da sun ji ƙishin-ƙishin ɗin rikici, sai su sa farashin tsoron gobe a kan man yau.

Abin da ke ƙara wa abin zafi shi ne mutane ba sa iya rage shan mai dare ɗaya. Mai zuwa aiki sai ya je, babbar motar kaya sai ta tashi. Don haka ƙarancin da bai taka kara ya karya ba yana iya cilla farashi sama. A rikicin 1973 ganga ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan 12 cikin 'yan watanni. A Yulin 2008 ta kai dala 147, kafin shekarar ta ƙare ta faɗo ƙasa da 40. A Afrilun 2020, lokacin kullen korona, motoci da jirage suka tsaya, ma'ajiyoyi suka cika, har aka yi ranar da farashin ɗanyen man Amurka ya faɗi ƙasa da sifili, mai kaya ne ke biya a kwashe. Da Rasha ta afka wa Yukiren a Fabrairun 2022, ganga ta haura dala 120.

Amma abin da ake biya a gidan mai ba kuɗin ɗanye kaɗai ba ne. Akwai tacewa, dako, haraji, ribar mai sayarwa, da kuma darajar kuɗin ƙasa a gaban dala. In ɗanye ya sauka, waɗannan ba lallai su sauka ba. Shi kuma mai gidan mai, in farashi na hawa, yana duba abin da zai biya tanka ta gaba ne, sai ya ƙara tun yau. In yana sauka, sai ya ce bari tukuna ya sayar da wanda ya saro da tsada. Masu saye ma da sun ga an ɗan rage sai hankalinsu ya kwanta, su daina zagayen neman mai araha. Masana tattalin arziki suna kwatanta abin da cewa farashin mai yana tashi kamar roka, yana saukowa kamar gashin tsuntsu.

Wasiƙarki ta tuna mini abin da ya kamata in faɗa a fili. Duk dabarun da nake bayarwa a wannan shafi na mai mota ne, alhali wanda tsadar mai ta fi ƙuntata wa shi ne irinki, mai biya ta kuɗin mota da kuɗin kayan masarufi, ba shi da totur ɗin da zai sassauta. Wannan aikin hukumomi ne. A ƙarshen 1973 Holan da Jamus ta Yamma sun hana motocin gida fita ranakun Lahadi, har mutane suka riƙa yawo da kekuna a kan manyan tituna. A 2022 Jamus ta fito da tikitin yuro 9 a wata, daga Yuni zuwa Agusta, wanda da shi mutum zai hau bas da jiragen ƙasa na cikin gari da na yankuna ko'ina a ƙasar, aka sayar da kusan miliyan 52. A ganina, bas mai tsafta da ke zuwa a kan lokaci ya fi shawarwarina dubu amfani ga talaka.

Tambaya: Baba, an tallata mini wani ƙarfe mai maganaɗisu da ake ɗaurawa a bututun mai, da wasu ƙwayoyi da ake jefawa a tanki, wai suna rage shan mai da rabi. Wani kuma ya ce in riƙa shan mai da sassafe, kuma kada in cika tanki don nauyi. Wanne zan ɗauka?
Daga mai motar haya

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta gwada irin waɗannan na'urori sama da 100, ba ta samu wadda ta kawo ragin a zo a gani ba. Fetur ba ƙarfe ba ne da maganaɗisu zai yi masa wani abu, ƙwayar da ba ka san abin da ke cikinta ba kuma tana iya toshe maka injekta. Da akwai ƙarfen da ke rage shan mai da rabi, da masu ƙera motoci sun daɗe da sa shi tun daga masana'anta.

Shan mai da sassafe ba laifi, amma ba riba, domin tankunan gidan mai a ƙarƙashin ƙasa suke, zafinsu bai cika canzawa tsakanin safe da rana ba. Nauyi kuwa, lita 50 ta fetur ba ta kai kilo 40 ba, bambancin da za ta kawo bai kai kashi ɗaya cikin 100 ba. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne yawo kullum da jar fitilar mai a kunne. Famfon da ke cikin tanki da fetur ɗin yake samun sanyi, in kullum fetur ɗin a ƙasa yake famfon yana iya ƙonewa, kuɗinsa kuma ya fi abin da kake ganin ka adana.

Tambaya: Baba, motata babba ce, tana shan lita 11. Ina tunanin sayar da ita in cika kuɗi in sayi ƙarama mai shan lita 7. In yi?
Daga wani magidanci

Amsa: Ya danganta da yawan tafiyarka, Alhaji. Bambancin lita 4 ne a kowace kilomita 100. In kana yin kilomita 10,000 a shekara, lita 400 za ka rage. Ninka 400 da farashin lita a inda kake, sannan ka raba cikon da za ka yi da abin da ya fito. Amsar ita ce yawan shekarun da za ka yi kafin kuɗinka ya dawo. In biyu ce ko uku, to ka yi. In ta kai takwas, zauna da motarka.

Ka kuma tuna lokacin tsadar mai kowa ƙaramar mota yake nema, don haka za ka sayar da taka a wulaƙance, ka sayi waccan da tsada. Sannan taka ka san halinta, waccan kuwa ba ka san wahalar da ta sha a hannun wani ba. In ka ƙudura sai ka canza, kada ka yarda da lita 7 da baki. Je da makanikenka, ku cika tanki, ku yi tafiyar kilomita 50 a irin hanyar da ka saba bi, ku dawo famfo ɗaya ku sake cikawa, ku ga abin da ta sha.